Badukun Boston da Asalin Ɗaurin Talala

A cikin watan Agusta na shekarar 1841, a birnin Boston na ƙasar Amurka, aka gurfanar da wani mutum gaban alƙalin wata ƙaramar kotu bisa tuhumar ya zama mashayi na kullum, wanda giya ta riga ta cinye masa sutura da mutunci. Bisa ga hukuncin wancan zamani babu abin da ke jiransa face gidan horo, inda za a tsare shi 'yan watanni a sake shi, ya koma ga kwalbarsa, a kuma kamo shi, kamar yadda aka saba yi wa ɗaruruwan irinsa ba tare da kowa ya ga aibin hakan ba. Daga cikin 'yan kallo da suka halarci zaman akwai wani dattijo mai shekara hamsin da 'yan kai, sunansa John Augustus, wanda ba alƙali ba ne, ba lauya ba, ba kuwa ɗan'uwan mai laifin ba. Baduku ne mai ɗinkin takalma, yana da shago da ma'aikata, kuma yana cikin wata ƙungiya ta masu yaƙi da shan barasa wadda aka kafa a shekarar da ta gabata. Ya matsa kusa da mutumin suka yi 'yar magana, mutumin ya yi masa alkawarin in har aka tsirar da shi daga gidan horo ba zai ƙara ɗanɗana giya ba, shi kuwa Augustus ya ga alamar nadama a fuskarsa, sai ya roƙi alƙali ya jinkirta yanke hukunci har mako uku, ya ce shi ne zai tsaya masa, in mutumin ya gudu a ci tararsa daga dukiyarsa.

Alƙali ya yarda. Da wa'adi ya cika suka dawo tare, mutumin a natse, da tsabtataccen jiki da tufafi, har ma'aikatan kotun da suka saba ganinsa a yamutse suka kusa kasa shaida shi. Maimakon ɗauri sai alƙali ya ci shi tarar senti ɗaya tal, aka haɗa da kuɗin shari'a jimla ta kama dala 3 da senti 76. Wannan ƙaramin al'amari, wanda a ranar da ya auku ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai, shi ne masana tarihin shari'a suke ƙidaya a matsayin mafarin abin da muke kira ɗaurin talala, watau a tabbatar wa mutum da laifinsa amma a bar shi cikin jama'a, a gidansa da sana'arsa, ƙarƙashin idon wani da zai ba da bahasi a kansa.

Wanda ya yi karatun fiƙihu ba zai ga wani baƙon abu ba cikin abin da badukun nan ya yi, domin malamanmu sun daɗe da ware babi sukutum a kan lamuni, suka rarrabe tsakanin lamunin dukiya da lamunin fuska, wanda a cikinsa mutum yake ɗaukar nauyin kawo wani gaban alƙali a ranar da aka ambata, ko da yake jumhurinsu ba su halatta shi a cikin haddodi ba. Turawan Ingila ma suna da daɗaɗɗiyar al'ada ta sakin mai ƙaramin laifi bisa alkawarin kyautata hali, kuma alƙalan Boston sun gaje ta suna aiki da ita tun kafin Augustus ya shiga kotu. Abin da ya zo da shi sabo shi ne abin da yake yi tsakanin ranar saki da ranar dawowa. Bai tsaya ga sa hannu a takarda ya koma shagonsa ba. Yakan bi mutumin har gida, ya nema masa aiki, ya sasanta shi da matarsa in sun ɓata, ya sa 'ya'yansa a makaranta, wanda ba shi da makwanci kuwa ya sauke shi a gidansa, sa'an nan ranar komawa kotu ya miƙe ya gaya wa alƙali gaskiyar abin da ya gani. Ya kuma riƙe littafi, yana rubuta sunan kowa da laifinsa da ranar da ya tsaya masa da yadda shari'ar ta ƙare, kuma daga wannan littafi ne ya fitar da rahoton da ya buga a 1852, wanda ya zama tushen mafi yawan abin da aka sani game da aikinsa.

Da farko mashaya maza kaɗai yake tsaya wa. Daga baya ya haɗa da mata, waɗanda a lokacin ba wanda ke son a ga ƙafarsa kusa da su, a 1843 kuma ya fara karɓar yara, farkonsu 'yan mata biyu ƙanana da wani yaro ɗan shekara goma sha ɗaya da aka tuhuma da sata. Kafin ƙarshen 1858 adadin waɗanda ya tsaya wa ya kai 1,946, maza 1,152, mata 794, kuma an ruwaito cewa cikin 1,100 na farko mutum ɗaya ne kaɗai ya ci amana har aka karɓe kuɗin lamunin. Lalle wannan adadi abin mamaki ne, amma adalci ya wajabta a faɗi sirrin da ke bayansa, wanda shi kansa bai ɓoye ba: ba kowa yake karɓa ba. Yakan duba shekarun mutum da halinsa na baya da irin mutanen da zai koma cikinsu, ya fifita wanda wannan ne laifinsa na farko, ya bar wanda ya ga zuciyarsa ta riga ta ƙeƙashe. Saboda haka nasararsa rabi ta renonsa ce, rabi kuwa ta firasarsa ce wajen zaɓe, kuma waɗanda suka zo bayansa suka riƙa kafa hujja da adadinsa sau da yawa sukan manta da rabin na biyu.

Bai yi wannan aiki cikin daɗin rai ba. Ma'aikatan kotu da na kurkuku a lokacin ana biyansu wani ɗan lada, wanda bai kai dala ɗaya ba, a kan kowane mutum da aka kai gidan yari, don haka duk wanda Augustus ya fisge daga hannunsu asara ce gare su, suka ƙi jininsa, suka riƙa kawo masa cikas a kotu. Wasu jaridu suka zarge shi da riya da neman riba, suka ce yana ɗaure wa ɓarayi gindi, alhali kuwa gaskiyar magana ita ce yawan zaman kotu da biyan tarar talakawa ne ya karya masa jari har ya rufe shagon, ya koma dogara ga gudummawar wasu masu hali da suka yarda da shi. Ya rasu a 1859 ba shi da wata dukiya. Sai bayan shekara goma sha tara da rasuwarsa, a 1878, majalisar jihar Massachusetts ta yi doka ta umarci magajin garin Boston ya naɗa ma'aikaci mai albashi da zai riƙa yin wannan aiki, a 1891 kuma aka game jihar duka da shi, aka mayar da ikon naɗin hannun kotuna. Daga cikin waɗanda aka fara ɗora wa wannan nauyi akwai Edward Savage, tsohon shugaban 'yan sandan birnin, kuma mai hankali zai lura da wannan, domin tun daga rana ta farko da aikin ya shiga hannun hukuma ya fara karkata daga hannun mai reno zuwa hannun mai gadi.

A daidai shekarun da badukun Boston yake jeka-ka-dawo tsakanin shago da kotu, a can wani tsibiri mai nisa cikin teku, gabas da Ostareliya, wani mutum dabam yana fama da ɗaya ɓangaren mas'alar, watau yadda za a yi da wanda ya riga ya shiga kurkuku. Tsibirin Norfolk shi ne ƙarshen duniya ga fursunonin Ingila, nan ake kai waɗanda aka riga aka kora zuwa Ostareliya suka sake yin laifi a can, kuma azabarsa ta kai har an ruwaito cewa wasu da aka yanke wa hukuncin kisa sun yi godiya ga Allah da jin za su huta da shi. A 1840 aka naɗa Alexander Maconochie ya shugabanci wurin. Mutumin Sikotilan ne, tsohon hafsan sojan ruwa, wanda shi kansa ya ɗanɗani zaman fursunan yaƙi a hannun Faransawa daga 1811 zuwa 1814, daga baya ya zama malamin ilmin labarin ƙasa a jami'a a Landan. Ra'ayinsa shi ne hukuncin da aka auna da shekaru ba ya koya wa mutum komai sai ƙidayar kwanaki, domin mai kirki da mugu duk rana ɗaya za su fita. Abin da ya fi shi ne a ɗora wa fursuna wani adadi na maki gwargwadon laifinsa, ya riƙa samunsu ta hanyar aiki da kyakkyawan hali, yana sayen abincinsa da su, ana zare masa in ya yi laifi, ranar da ya cika adadin kuwa ya fanshi kansa. A mataki na kusa da ƙarshe yakan haɗa su shida shida, ladansu ɗaya, asararsu ɗaya, don kowa ya zama mai lamunin ɗan'uwansa.

Ya rushe gumagumen rataya, ya rage bulala ƙwarai, ya gina wuraren ibada, ya kawo littattafai da kayan kiɗa, ya ba su 'yan filaye su noma. Abin da ya fi jawo masa surutu shi ne bikin ranar haihuwar Sarauniya Biktoriya a watan Mayu na 1840, ranar da ya buɗe ƙofofi ya bar fursunoni sama da dubu suka yi yawo a tsibirin, aka ba su nama, aka yi wasan kwaikwayo da wasan wuta, da dare kuma kowa ya koma makwancinsa ba a rasa ko ɗaya ba. Da labari ya isa Sidni da Landan sai hankalin manya ya tashi, suka ce ya mayar da gidan azaba gidan biki, alhali manufar tsibirin ita ce sunansa kaɗai ya firgita masu niyyar laifi. Aka kuma ɗaure masa hannu ta wata fuska, domin ba a ba shi ikon sakin wanda ya cika makinsa ba, wanda kuwa shi ne ginshiƙin tsarin duka. A 1844 aka tuɓe shi, tsibirin ya koma gidan jiya, har ma ya fi da muni a hannun John Price wanda ya karɓe shi a 1846. An sake ba Maconochie riƙon sabon kurkukun Birmingham a 1849, nan ma aka sallame shi bayan shekara biyu, ya rasu a 1860 yana ganin kamar wahalarsa ta tafi a banza.

Ba ta tafi a banza ba, domin Walter Crofton, wanda aka ba shugabancin kurkukun ƙasar Ailan a 1854, ya ɗauki tsarin makin ya gyara shi ya mai da shi matakai. Fursuna yakan fara da kaɗaici, ya wuce zuwa aiki cikin jama'a, sa'an nan a kai shi wani gida na tsaka-tsaki, kamar gonar Lusk kusa da Dublin, inda babu katanga kuma masu tsaro ba su riƙe da makami, daga nan a ba shi takardar izinin fita bisa sharaɗin in ya saɓa a komo da shi ya ƙarasa wa'adinsa. A birnin Dublin wani malami mai suna James Organ shi ke bin waɗanda aka saka, yana nema musu aiki wajen masu sana'a, yana ziyartarsu a kai a kai, kuma a ganina shi ne ya sa tsarin Ailan ya yi suna, domin a Ingila, inda aka riƙa ba da irin wannan takarda tun daga dokar 1853 ba tare da an sa mai bibiya ba, jama'a sun tsorata da masu takardar har suka riƙa ɗora musu alhakin duk wani fashi da aka yi a titunan Landan, musamman a 1862. Daga Ailan tsarin ya ƙetara Amurka, aka yi ta yabonsa a babban taron masu gyaran kurkuku da aka yi a Cincinnati a 1870, sa'an nan Zebulon Brockway ya aiwatar da shi a gidan gyaran hali na Elmira a jihar New York daga 1876. Nan ne asalin sakin sharaɗi irin na zamani, watau a saki fursuna kafin cikar wa'adinsa ya ƙarasa sauran a waje ƙarƙashin kulawa. Brockway kuwa, duk da kyawawan maganganunsa, an bincike shi daga baya bisa dukan fursunoni da wata faffaɗar bulala ta fata.

Ingila ta bi tata hanyar zuwa ɗaurin talala, ita ma ta ƙofar yaƙi da giya. Tun 1841 alƙalin Birmingham, Matthew Davenport Hill, yakan damƙa yara masu laifi ga iyayensu ko iyayen gidansu, ya rubuta sunayensu, ya sa 'yan sanda su riƙa leƙa su. A 1876 wani mai aikin ɗab'i a garin Hertford, Frederic Rainer, ya aika da wasiƙa da sule biyar ga ƙungiyar hana shan giya ta Cocin Ingila, yana kukan cewa da zarar mutum ya faɗa hannun shari'a sau ɗaya saboda maye, to laifi na bin laifi, ɗauri na bin ɗauri, ba wanda ke miƙa masa hannu. Da wannan sule biyar aka fara, aka naɗa wani tsohon soja, George Nelson, ya riƙa zama a kotunan kudancin Landan yana karɓar mashaya daga hannun alƙalai. Irinsa, waɗanda ake kira masu wa'azin kotu, suka yi ta ƙaruwa har majalisa ta yi dokar 1907, wadda ta mai da aikin na hukuma, ta kuma taƙaita wajibin ma'aikacin cikin abu uku: ya yi wa wanda aka damƙa masa nasiha, ya taimake shi, ya zame masa aboki. Da wuya a sami wata doka ta ƙasa da ta taɓa wajabta wa ma'aikacin gwamnati abota, kuma ma'aikatan wannan fanni a Ingila sun yi kusan ƙarni guda suna alfahari da waɗannan kalmomi.

A Amurka abin ya bazu jiha bayan jiha, musamman bayan da aka buɗe kotun yara ta farko a Chicago a 1899. Kotunan tarayya ne suka makara, sai da Kotun Ƙoli ta yanke a 1916 cewa alƙalin tarayya ba shi da ikon jingine hukunci har abada bisa ra'ayin kansa, wannan ya tilasta majalisa ta yi doka a 1925. Kafin ƙarshen 1956 babu jihar da ba ta da ɗaurin talala ga manya. To, a nan ne ya kamata mai karatu ya tsaya ya duba abin da ya salwanta a hanya. Augustus shi yake zaɓar mutanensa, da dukiyarsa yake lamuni, in suka gudu shi ke asara, in suka shiryu shi ke samun farin ciki, su ma kuma sun san cewa cin amanarsu zai faɗa a kan wani mutum mai suna da fuska wanda suka ci abinci a gidansa. Ma'aikacin da ya gaje shi kuwa ba shi ya zaɓa ba, turo masa aka yi, ba shi da kwabo a cikin lamunin, kuma a manyan birane akan tara wa mutum ɗaya sama da mutum ɗari, ta yadda ziyarar gida ta koma zuwa ofis sau ɗaya a wata, nasiha ta koma cike takarda, abota kuwa ba a ma zancenta. Sharuɗɗa suka yi ta yawa, kada a fita gari, kada a wuce ƙarfe kaza a waje, kada a yi hulɗa da wane, a kawo fitsari a gwada, har ya zama mutane da yawa suna komawa kurkuku ba don sun yi sabon laifi ba, sai don sun makara wajen zuwa ofis ko sun kasa biyan kuɗin kulawa, domin a jihohi da dama wanda ake kula da shi ne ake cajin kuɗin kulawar.

A 1974 wani masanin zamantakewa, Robert Martinson, ya buga wata maƙala bayan nazarin bincike sama da ɗari biyu da aka yi kan shirye-shiryen gyaran hali, jama'a kuma suka fahimce ta da cewa babu wani shiri da ke da amfani. Shi kansa ya sassauta matsayinsa a 1979, amma magana zarar bunu ce, 'yan siyasa sun riga sun ɗauka. Jihar Maine ta soke sakin sharaɗi a tsakiyar shekarun 1970, wasu jihohi suka bi ta, dokar tarayya ta 1984 ta soke shi ga laifuffukan da aka aikata daga Nuwamban 1987. A 1983 wani alƙali a jihar New Mexico, Jack Love, ya fara sa a ɗaura wa masu laifi wata na'ura a idon sawu wadda ke sanar da hukuma in sun bar gida, kuma daga nan na'urar ta game duniya. Yau a Amurka akwai kimanin mutum miliyan 3 da ke ƙarƙashin ɗaurin talala, da wajen 700,000 da ke kan sakin sharaɗi, jimlar da ta fi ta waɗanda ke tsare a gidajen yari nesa ba kusa ba, amma duk da haka gidajen yarin ba su rage cika ba a shekarun da adadin yake hauhawa. Dalili kuwa shi ne talalar ta fi kama waɗanda da can tara za a ci su ko a yi musu gargaɗi, ba waɗanda da za a ɗaure ba. Ingila ta gwada wata dabara a 2014, ta ba kamfanoni 21 kwangilar kula da masu ƙananan laifuffuka, abin ya lalace har gwamnati ta karɓe aikin ta mayar hannunta a 2021. Wanda ake biya bisa yawan kawuna ba zai ɓata yininsa wajen sasanta mutum da matarsa ba.

Ƙasar da ta fi kowa riƙe asalin abin, ga mamaki, ita ce Japan, inda dokar 1950 ta tsara aikin masu sa kai daga cikin mutanen unguwa, galibinsu dattawa, tsofaffin malamai da 'yan kasuwa da manoma da masu hidimar wuraren ibada, waɗanda yawansu ya haura 40,000, ba a biyansu albashi sai ɗan abin da suka kashe. Kowanensu yana riƙe da mutum ɗaya ko biyu ko 'yan kaɗan, yana ganawa da su wajen sau biyu a wata, sau da yawa a cikin gidansa, ma'aikatan gwamnati ƙwararru kuma, waɗanda ba su da yawa, suna tsaye a bayansu. Su ma suna kukan tsufan masu aikin da ƙarancin matasan da za su gaje su, amma sun nuna cewa hukuma na iya shiga cikin wannan al'amari ba tare da ta kori maƙwabci daga cikinsa ba.

A Nijeriya ɗaurin talala yana cikin littattafan doka tun zamanin Turawa, amma in ban da abin da ma'aikatan jin daɗin jama'a suke yi a shari'ar yara, da wuya a ji alƙali ya yi hukunci da shi, domin ba a tanadi waɗanda za a damƙa wa mutum ba. Bayan da aka haɗe gidajen yarin En'e da na tarayya a 1968 sai al'amarin fursuna ya ƙara nisa da sarakuna da masu unguwanni, waɗanda a da su ne suka san ɗan wane ne aka kama da wanda zai iya tanƙwara shi. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 ta buɗe wa alƙalai ƙofar jingine hukunci da sa mai laifi aikin al'umma, sa'an nan a watan Agusta na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta canja sunan hukumar gidajen yari zuwa hukumar gyaran hali, ta kuma kafa mata sashe na musamman mai kula da hukuncin da ba na tsarewa ba, wanda ya ƙunshi ɗaurin talala da sakin sharaɗi da aikin al'umma da sulhu tsakanin mai laifi da wanda aka zalunta. Wannan ya dace da ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 1990, waɗanda ake kira Ƙa'idojin Tokyo.

Sai dai cunkoson gidajen yarinmu yana da wata illa da wannan sashe shi kaɗai ba zai warkar ba, domin kimanin kashi biyu cikin uku na waɗanda ke ciki ba a ma yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi, kuma da yawansu an ba da belinsu amma sun rasa mai tsaya musu. Duk wanda ya taɓa zama a kotun majistare ya san yadda abin yake: alƙali ya karanto sharuɗɗa, a kawo mutum biyu, ɗaya ya zama ma'aikacin gwamnati mai matakin albashi kaza, ɗaya mai takardar mallakar fili a cikin gari, uwar yaron tana tsaye a bakin ƙofa da ƙullin 'yan kuɗin da ta ranto, ba ta san kowa mai irin wannan matsayi ba, sai wasu da suka mai da tsayawa beli sana'a su kewaye ta suna yanka mata farashi, mutanen da ba su san yaron ba kuma ba za su ƙara ganinsa ba. Maƙerin da yaron yake koyon aiki a wurinsa, wanda ya san halinsa ciki da bai kuma zai iya kawo shi da kalma ɗaya, shi ba a karɓar lamuninsa domin ba shi da takarda. Ta haka ne aka riƙe surar lamuni aka zubar da ma'anarsa, kuma yaron da aka kama da satar waya yakan shafe watanni, wani lokaci shekaru, a ɗaki ɗaya da 'yan fashi kafin a waiwayi shari'arsa.

Saboda haka kiranmu ga manyan alƙalan jihohi shi ne su umarci ƙananan kotuna su riƙa karɓar lamunin mai unguwa da limamin masallaci da sarkin sana'a da ubangidan da yaro ke aiki a ƙarƙashinsa a cikin ƙananan laifuffuka, ba tare da neman takardar fili ba. Ga gwamnatoci kuma, su ware wa sabon sashen nan kuɗi da ma'aikata isassu, kada a tara wa mutum ɗaya abin da ba zai iya bi gida gida ba, kada kuma a ɗora wa talaka kuɗin kulawa. Ƙungiyoyin addini da na 'yan kasuwa da ke kai abinci gidajen yari a watan azumi, su ma su naɗa daga cikinsu waɗanda za su riƙa zama a kotu ranakun shari'a, su tsaya wa wanda suka ga alamar shiriya a tare da shi tun kafin a rufe shi.